Gara Ta Riga Ashana

A daminar da ta wuce aka buɗe wata tsohuwar adaka a wani gida da ke nan Agowe Zongo, bayan sadakar arba'in ɗin mai ita. Dattijo ne malami, haifaffen tsohon Zongo na tsakiyar Lome, kuma da kansa ya ɗauko adakar nan lokacin tashin 1977. Muna cikin waɗanda aka kira shaidar rabon gado. Aka ƙirga ɗakuna, aka yi wa fili kuɗi, aka raba riguna da rawuna, sannan aka zo kan adaka. Da aka ɗaga murfi sai ga gafaka takwas a jere. Biyar daga cikinsu ana taɓawa suka zube kamar garin rogo, domin tsatsa ta huda gindin adakar, gara ta shiga, danshin teku ya ƙarasa aiki. Ukun da suka tsira aka riƙa miƙa wa magada ɗaya bayan ɗaya. Wasu takardun Larabci ne, wasu Hausa ce da ajami, amma duk ɗakin ba a samu wanda ya iya fitar da layi biyu a jere ba. Daga ƙarshe wani ya ce a mayar a rufe, ai albarka ce. Aka mayar, aka rufe, aka shafa fatiha.

Babu wanda ya ƙyasta ashana a gidan nan, babu hukumar da ta aiko da takarda, amma ɗakin karatun mutum guda ya tafi, ba hayaƙi ba ƙauri. Tun ranar muke ta tunanin wani littafi da da yawa daga cikinmu suka fara cin karo da shi cikin fassarar Faransanci, wato Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, marubucin Amurka, wanda ya fito a 1953. Muna kuma da ƙorafi kan yadda 'yan bokonmu suke karanta shi. Sun mayar da shi sandar dukan azzaluman gwamnatoci na nesa, su ambaci Jamus ta Hitler, su girgiza kai, su koma kan wayarsu da zuciya wasai. Karatu ne na wanda ya leƙa madubi ya ce ya ga maƙwabcinsa.

Ga wanda bai karanta ba, labarin wani ɗan kwana-kwana ne mai suna Montag, a wata ƙasa ta zamanin da bai zo ba. A can an gina gidaje yadda wuta ba ta cin su, saboda haka aikin 'yan kwana-kwana ya juye, maimakon ruwa kananzir suke fesawa, kuma abin da suke farauta shi ne littafi. Lambar 451 da ke kan hularsu ita ce zafin da aka ce takarda ke kamawa da wuta a ma'aunin Fahrenheit, wajen digiri 233 ke nan a ma'aunin da muka saba. Montag yana jin daɗin aikinsa har ranar da wata yarinya maƙwabciyarsa, Clarisse, ta tambaye shi ko yana cikin farin ciki, sannan ya ga wata tsohuwa ta ƙi barin littattafanta, ta kunna ashanar da hannunta ta ƙone tare da su. Daga nan ya fara sata yana karantawa, har matarsa ta kai ƙararsa, ya ƙone shugabansa, ya faɗa kogi ya tsere.

Wuta ce ke fara ɗaukar idon mai karatu, shi ya sa ake tsayawa a kanta. Amma duk wanda ya natsu zai ga cewa a cikin labarin wuta ce ta zo ƙarshe. Shugaban 'yan kwana-kwana, Beatty, mutum ne mai karatu, kuma shi ya bayyana wa Montag asalin abin. Ba doka ce ta fara ba. Rayuwa ce ta yi sauri, aka riƙa taƙaita littattafai, aka taƙaita taƙaitawar, kowace ƙungiya kuma ta ce a cire abin da ya ɓata mata rai, har aka wayi gari rubutu ya zama lami. Tsohon malamin jami'a Faber ya ƙara da cewa jama'a da kansu suka ajiye karatu, 'yan kwana-kwana kuwa kusan wasan kallo kawai suke yi. Bradbury ya rubuta littafin a zamanin farautar da Sanata McCarthy ya yi wa masu ra'ayin gurguzu, kuma tsoron wannan zamani yana cikinsa. Duk da haka a wata hira da aka yi da shi a 2007 ya dage cewa babban abin da yake nufi shi ne yadda talabijin ke kashe sha'awar karatu.

A dubi sauran alamomin. Matar Montag, Mildred, tana da falo wanda bangonsa uku allon kallo ne, burinta a duniya a saya mata na huɗu, mutanen da ke surutu a ciki kuma su take kira danginta. Dare da rana akwai wasu 'yan na'urori kamar ƙwanson wuri a cikin kunnuwanta. Ta sha ƙwayoyin barci har ta kusa mutuwa, aka zo aka zuƙe mata ciki, gari ya waye ba ta ma tuna ba. A shiga kowane gida a Zongo bayan isha'i a ga ko ba a tarar da Mildred ba, mace ko namiji, fuska ta yi shuɗi da hasken waya, kunne a toshe. Akwai kuma rariya da yashi, wanda shi ne sunan kashi na biyu na littafin. Montag ya tuna yana yaro a bakin teku wani ɗan uwansa ya yi masa alkawarin kuɗi in ya cika rariya da yashi, yana zubawa yana tsiyayewa. Haka karatu ya zame masa a cikin jirgin ƙasa, yana ƙoƙarin riƙe aya guda, tallar man goge haƙori tana dukan kunnensa. Mu da muka tashi a bakin teku mun san yashi, mun kuma san yadda mutum kan karanta saƙo ɗari uku a yini, ya kwanta bai riƙe ko ɗaya ba. Shi kuwa karen ƙarfe mai ƙafa takwas da ke farautar masu littafi, ba ya ƙin kowa, abin da aka saita shi a kai yake bi. Maƙwabci da matar aure su ne hancinsa na gaskiya.

Kada a ɗauka muna wanke masu ashana. Muna da magana da su, kuma ba sai mun je Jamus ba. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta jihar Kano ta shirya taron ƙona littattafan soyayya na Hausa a wata makarantar 'yan mata. Har yau akwai masu kare wannan aiki a cikinmu, kuma hujjarsu ba ta wofi ba ce. Suna cewa wasu littattafan na ɗauke da batsa, suna shagaltar da ɗalibai, kuma uba yana da haƙƙin tsare tarbiyyar 'yarsa. Mun yarda akwai tarkace a cikin abin da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, kamar yadda babu kasuwar da ba ta da ruɓaɓɓen tumatir. Mun yarda da haƙƙin uba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce tara yara a fili su kalli manya suna cinna wa rubutun harshensu wuta tarbiyya ce. Darasin da yarinya za ta ɗauka a wannan fili guda ɗaya ne, cewa in magana ta dame ka ba sai ka amsa ta ba, ka nemi fetur.

Sannan wuta ba ta karatu. Ba ta san bambancin tarkace da aikin ƙwarai ba, kuma tambarin da ta buga ya hau kan rukunin gaba ɗaya. A wannan rukuni ne Hajiya Balaraba Ramat Yakubu take, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta dawo ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, ta faɗi abin da mata da yawa ke haɗiyewa game da auren dole da wulaƙancin gidan miji. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, duniya ta karanta. A cikinsa ne Ado Ahmad Gidan Dabino yake da In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Mata nawa ne suka dage suka koyi karatun boko don kawai su daina roƙon a karanta musu? Mu nan Lome mun ga shaida, domin 'yan kasuwar da ke zuwa Kano da Katsina sukan saƙo littattafan nan cikin kaya, su yi ta yawo gida-gida har bango ya yage. Ga 'ya'yanmu mata da suka yi makarantar Faransanci, wannan ce kaɗai Hausa rubutacciya da ta taɓa shiga hannunsu.

Me wutar ta gyara? Batsar da aka ji tsoro ba ta mutu ba, waya ta koma. A da marubuci yana da suna a bangon littafi, yana da ƙungiya, yana da mai shagon da zai iya ƙin karɓar kayansa, uwa kuma tana iya ɗaga matashin kai ta ga abin da 'yarta ke karantawa. Yau ana tura labari shafi-shafi a WhatsApp da sunan aro, ba mai tacewa, ba mai gani. Ba mu ce wutar 2007 ce ta kawo waya ba, zamani ne ya kawo ta. Muna cewa ne an ɓata ƙarfi wajen kunyata takarda a daidai lokacin da ya kamata a ƙarfafa ta, an bar jaki ana dukan taiki.

Wani zai ce ai Sayyidina Usman ya sa an ƙona mus'hafai, mu ma kuma mukan ƙona takardar da ta tsufa mai ɗauke da ayoyi. Gaskiya ne, amma a lura da tsarin. Sai da aka kafa kwamiti ƙarƙashin Zaidu ɗan Sabitu, aka kwafe, aka tantance, aka aika kwafi zuwa manyan birane, sannan aka kawar da saura don kada al'umma ta rarrabu. Wannan wuta ce ta adana nassi. Takardar da muke ƙonawa kuwa don kada a taka ta ne. Bradbury ma ya san wuta iri biyu ce. Bayan Montag ya fito daga kogi ya hango wasu mutane zaune kewaye da wata 'yar wuta suna jin ɗumi, ya yi mamaki, domin bai taɓa sanin wuta tana bayarwa ba, ci kawai ya san tana yi. Mu ba baƙi ba ne ga wannan wuta ta biyu. Da hasken wutar kara almajirai suka yi tilawa a tsangaya shekaru aru-aru, kuma tawadar da aka rubuta allunansu da ita gawayi ne da ƙaro. Kakanninmu daga abin da wuta ta bari suka yi rubutu. Abin kunya ne jikokinsu su mayar da rubutu gawayi su ce ibada suke yi.

In ana son ganin inda hanyar ashana ke ƙarewa, a dubi Tumbuktu. A Janairun 2013, da sojojin Faransa da na Mali suka doso garin, mayaƙan da suka mamaye shi suka cinna wuta a Cibiyar Ahmad Baba, aka yi asarar rubuce-rubucen hannu wajen 4,000. Abin da suka ƙona ba labarin soyayya ba ne, gadon malaman Musulunci ne. Mafi yawan taskar garin ta tsira ne saboda Abdulƙadir Haidara da iyalan da suka gaji littattafai sun riga sun kwashe su a ɓoye cikin adakoki, ta mota da kwale-kwale, zuwa Bamako. Adaka irin ta dattijonmu ce, bambancin kawai can an san abin da ke ciki.

Nan ne maganar ta dawo gida, kuma nan ta fi ɗaci. Mu Hausawan wannan yanki ba mu da uzurin cewa ba mu gaji alƙalami ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga sannan ya koma Kete-Krachi lokacin tana ƙarƙashin Togo ta Jamus, ya zama limaminta, ya rasu a can a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara da kan talauci da wadata, ya kuma rubuta tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da ajami ga jami'in Jamus Adam Mischlich. Tsohon garin Kete-Krachi yau yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta, tun bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Wanda yake son karanta Alhaji Umaru sai ya nufi Jami'ar Ghana da ke Legon, inda aka tara kwafin rubuce-rubucen malaman yankin, ko ya nemi bugun da masani ɗan Foland Stanisław Piłaszewicz ya fitar a 2000. A tsayar da matasa goma a ƙofar masallacin Juma'a a Zongo a tambaye su wane ne shi. Mun gwada, ba mu ji daɗin amsar ba.

Tarihin unguwarmu ma haka yake. A 1977 gwamnatin Janar Eyadema ta rushe tsohon Zongo ta kwashe mutanensa zuwa bayan gari ta arewa, wajen Togblekope, inda kogin Ziyo ke ambaliya in damina ta yi ƙarfi. Inda gidajen iyayenmu suke, bankuna ne a tsaye yau. Wa ya rubuta yadda aka yi? Wani Bafaranshe masanin zamantakewa, Michel Agier, ya zo ya zauna da fatakenmu ya fitar da littafi a kansu a 1983, da Faransanci. Mun gode masa. Amma ina namu? Wa ya zauna da tsofaffin da suka ɗora tukwane a kai ranar, ya rubuta da Hausa sunayen masu masauki da dillalan shanu da na goro, da inda kowane masallaci yake? Duk shekara muna binne su, kowa da babinsa a ƙirji. Katafila ta rushe bango ne kawai, mantuwar kuwa aikin hannunmu ce.

Ga kuma harshen kansa. Yaronmu yana karatu da Faransanci, yana ciniki da Mina, yana salla da Larabci, Hausa kuwa ta tsaya a baki, ta kiran abinci da faɗa. Ajami ya zama kamar hatimi, ana girmama shi ba a karanta shi. Hausar boko ma sai ka ga digiri biyu a bango amma mai su ba ya iya rubuta wa mahaifiyarsa saƙo ba tare da ya cakuɗa ƙa'idar Faransanci ba. Wace hukuma ce za ta wahalar da kanta ta ƙona littafin da ba mai iya karantawa? Al'ummar da ta kai nan ba ta bukatar 'yan kwana-kwanan Bradbury, ta sallame su tun kafin a ɗauke su aiki. Abin lura ne cewa a 1933, shekarar da ɗalibai suka tara littattafai suka ƙona a Berlin, a Zariya gasar rubutu aka buɗe wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Shekara casa'in bayan nan, gidaje nawa ne a Zongo ke da ko ɗaya daga cikinsu?

Masu son kwantar mana da hankali sukan kawo ƙarshen littafin. Mutanen da Montag ya tarar a daji kowannensu ya haddace littafi guda ya zama shi ne littafin, sai a ce ai mu ma mutanen hadda ne, abin da ke ƙirji wuta ba ta cin sa. Hadda abin alfahari ce, amma a karanta da kyau. Waɗancan mutane 'yan gudun hijira ne, hadda dabarar ƙarshe ce ta wanda aka ƙwace wa komai, kuma jira suke ranar da za a sake zama a rubuta. Tarihinmu ma abin da ya koyar ke nan. Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umar ya je wa Sayyidina Abubakar da shawarar a tattara Alƙur'ani a rubuce, domin ƙirji ma ana binne shi. A tsangaya kuma ba a cika kiran mutum alaramma ba sai ya zauna ya rubuce abin da ya haddace da hannunsa.

Shugaban waɗancan mutane, Granger, ya kawo misalin tsuntsuwar almara da kan ƙone kanta ta sake tashi daga toka, ya ce ɗan Adam ya fi ta da abu ɗaya, yana iya tuna wautar da ya yi. Ya kuma ce abin da ya kamata a fara ginawa bayan birni ya rushe shi ne masana'antar madubi. To, ga namu madubin. Duk gidan da ke da adaka a buɗe ta wannan makon, a ɗaga ta daga ƙasa, a shanya takardun a inuwa, a ɗauki hoton kowane shafi da wayar nan da muke zargi, a nemi malamin da zai faɗi abin da ke ciki tun yana raye. Makarantun Islamiyyarmu su ware awa ɗaya a mako don ajami da Hausar boko, ba kuɗi ake bukata ba, niyya ce. Matasan da suka iya rubutu su ɗauki littafi da biro su je gaban waɗanda suka ga 1977. Uban da ke tsoron abin da 'yarsa ke karantawa ya karɓa ya karanta, in mummuna ne ya gaya mata dalili, ya kawo mata wanda ya fi shi. Masu hali kuma, da ke gasar tayil da hasumiya, su tuna cewa kanta biyu na littattafai a zauren masallaci ba su kai kuɗin ƙofa ɗaya ba.

Gafaka ukun nan suna nan cikin adakarsu a Agowe Zongo. Mun koma mun roƙi magada, sun yarda a buɗe bayan Sallah, in an samu mai karantawa. Wanda ya iya ajami cikin masu bin wannan shafi, kuma yana Lome ko kusa da ita, ya yi magana. Gara ba ta jiran Sallah. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.